Sharhi Kan Tsofaffin Gidajen Katako na Manoman Ingila da Dokar da Ke Kare Su

A kudu maso gabashin Ingila, musamman a gundumomin Kent da Sussex, akwai ɗaruruwan gidajen manoma da aka gina da katako tun kafin shekarar 1550, kuma har yanzu mutane suna zaune a cikin mafi yawansu. Waɗannan gidaje suna ƙarƙashin kariyar doka, amma abin da kariyar take nufi yana rikita jama'a, har da wasu daga cikin masu gidajen. Akwai masu zaton cewa da zarar an sanya gida a rajistar gine-ginen tarihi ya zama mallakar gwamnati, akwai masu ganin cewa an hana taɓa komai a cikinsa har abada, akwai kuma masu ɗaukar karkacewar bangonsa a matsayin shaidar cewa rushewarsa ta kusa. Hanya mafi sauƙi ta warware wannan ruɗani ita ce a bi tarihin gida guda wanda aka yi wa cikakken nazari, wato gidan Bayleaf na ƙauyen Chiddingstone a Kent, domin kusan kowace muhawara da ake yi kan irin waɗannan gine-gine ta taɓa shi.

Mene ne gida mai ƙwarangwal na katako?

A ginin ƙasa ko na dutse, bango ne yake ɗauke da nauyin rufi. A gida mai ƙwarangwal na katako kuwa, ginshiƙai da katakan da aka gitta a kansu ne suke ɗaukar nauyin baki ɗaya, abin da ke tsakaninsu kuma ciko ne kawai wanda ake iya cirewa a sake ba tare da gidan ya motsa ba. Itacen da aka fi amfani da shi shi ne wanda Turawa ke kira ok, wani babban itace mai tauri da ya cika dazuzzukan yankin Weald, wato ƙasar laka mai nauyi da ke tsakanin jerin tuddai biyu na farin alli a kudu da Landan. Kafintoci suna sarrafa shi tun yana ɗanye, sau da yawa cikin shekara ɗaya ko biyu da sarewa, saboda idan ya bushe yakan gagari gatari da zarto irin na wancan zamani.

Haɗa katakan ba ya buƙatar ƙusar ƙarfe. Ana fafe rami a jikin katako ɗaya, a sassaƙa wa ɗayan harshe daidai da ramin, a zura, sa'annan a huda su tare a buga ƙusar itace. Kafinta yakan shimfiɗa kowane bango a ƙasa a filin aikinsa, ya gwada gaɓoɓin, ya zana wa kowace gaɓa lamba da kurfi mai kama da lambobin Romawa, daga nan a warware a kai wurin gini a tayar. Katakon da ke ƙasa duka, wanda ginshiƙai ke tsaye a kansa, ana ɗora shi a kan ɗan gajeren tushe na dutse don kada ya taɓa danshin ƙasa. Cikon bango kuwa saƙar tsumagu ce da ake yaɓe da laka gauraye da ciyawa da kashin shanu, a shafe da farar ƙasa.

Daga nan ne amsar batun karkacewa take fitowa. Ɗanyen katako yana bushewa ne bayan an gama gini, kuma yayin bushewar yakan tsuke, ya murɗe, ya tsage a tsaye, ta yadda yawancin lanƙwasar da ake gani a yau ta faru ne tun cikin shekarun farko na rayuwar gidan, ta kuma tsaya a haka. Gaɓoɓin da aka ɗaure da ƙusar itace suna iya ɗan motsawa ba tare da sun karye ba, abin da ya sa irin wannan gini yake jure nitsewar ƙasar laka fiye da yadda kamanninsa ke nunawa. Masu duba gini ba su cika damuwa da tsohuwar karkacewa ba. Abin da suke bincike shi ne ko akwai sabon motsi.

Fasalin gidan Bayleaf

Bayleaf na cikin nau'in da masana suka laƙaba wa sunan yankin Weald, wanda aka fi ginawa daga ƙarshen ƙarni na 14 zuwa farkon ƙarni na 16. A tsakiyarsa akwai babban zaure wanda ba shi da bene, a buɗe yake tun daga ƙasa har zuwa rufi, kuma a tsakiyar daɓensa ake hura wuta, hayaƙi ya tashi ya fita ta ƙofofin da ke cikin rufin. A nan iyali da barori suke cin abinci, a nan kuma ake karɓar baƙi. A gefe ɗaya na zauren akwai hanyar da ta ratsa gidan daga ƙofar gaba zuwa ta baya, da ɗakuna biyu na ajiyar abinci da abin sha. A ɗaya gefen akwai ɗakunan maigida, har da ɗan makewayi da ya fito daga jikin bangon bene. Tagogin ba su da gilashi, sai sanduna da murafen katako.

Abin da ya fi bambanta wannan fasali shi ne cewa benayen gefe biyu sun turo gaba sun zarce bangon ƙasa, alhali zauren tsakiya ya tsaya a inda yake, rufi ɗaya kuma ya lulluɓe duka ukun, sai zauren ya zama kamar ya ja da baya a ƙarƙashin inuwa. Masana sun yi saɓani kan dalilin turo bene gaba. Wasu sun ce don a ƙara faɗin ɗaki ne, wasu sun ce nauyin bangon sama yana hana katakan daɓe lanƙwasa, wasu kuma sun ce don a kare bangon ƙasa daga ruwan sama. Hujjar faɗin ɗaki tana da ƙarfi a cikin birni, inda fili yake da tsada, amma ba ta gamsarwa a kan gidan da ke tsakiyar gona, musamman da yake an fi yin wannan ado a fuskar da masu wucewa ke gani. Bayanin da ya fi dacewa da shaidar da ake da ita shi ne cewa manomin da ya samu wadata yana so a san ya samu.

Wadatar kuwa tana da tushe a tarihi. Annobar da ta auka wa Ingila a 1348 da 1349 ta rage yawan jama'a ƙwarai, ladan ƙwadago ya tashi, filin noma ya samu ga waɗanda suka tsira, sai wani rukuni na manoma masu rufin asiri ya bunƙasa, waɗanda ba sarakuna ba ne kuma ba talakawa futuk ba. A Kent an ƙara musu da kusanci da kasuwar Landan, da sana'ar saƙar ulu da kuma ta narkar da ƙarfe a Weald.

An gano shekarun Bayleaf ta hanyar ƙidayar zoben itace. Kowace shekara itace yana ƙara zobe ɗaya a jikinsa, mai kauri a shekarar da yanayi ya yi kyau, siriri a shekarar wahala, kuma idan aka kwatanta jerin zoben wani katako da jerin da aka riga aka sani na yankin, ana iya gane lokacin da aka sare shi. Idan zoben ƙarshe da ke manne da ɓawo ya tsira, ana samun ainihin shekarar. Idan kafinta ya sassaƙe shi, sai dai a ba da tsakanin shekaru. Ta haka aka sanya zauren Bayleaf da ɓangaren ajiyarsa tsakanin 1405 da 1430, yayin da ɓangaren maigida ya zo daga baya a madadin wani tsohon gini.

Yadda gidajen suka ɓuya

Kusan babu gidan irin wannan da ya iso zamanin yau a yadda aka gina shi. Daga ƙarni na 16 zuwa na 17 an riƙa gina bututun hayaƙi na jan bulo a cikin zaure, a shimfiɗa bene a samansa don a samu ƙarin ɗaki, kuma haka aka yi wa Bayleaf. Marubuci William Harrison ya ambaci yawaitar waɗannan bututu a bayaninsa kan Ingila na 1577, masanin tarihi W. G. Hoskins kuma a 1953 ya kira zamanin 1570 zuwa 1640 da lokacin babban sake gini. Bayan gobarar Landan ta 1666 doka ta wajabta gini da bulo ko dutse a birnin, katako ya fara zama alamar tsohon yayi, sai masu gidaje a karkara suka riƙa rufe fuskar gidajensu da bulo, ko filasta, ko tayil da ake ratayawa a bango. Saboda haka gidaje da yawa da ake ɗauka na ƙarni na 18 ne suna ɗauke da ƙwarangwal na ƙarni na 15 a cikinsu, kuma sau da yawa abin da ke tona asirinsu shi ne kunkunniyar tsohuwar wutar zaure da ta rage a jikin katakan rufi.

Launin baƙi da fari da aka san gidajen da shi a hotuna ma galibinsa na baya-bayan nan ne. A ƙarni na 19 aka yawaita shafa wa katako kwalta ko baƙin fenti, alhali a da, a kudancin ƙasar, akan bar shi ya koma ruwan toka da kansa ko a shafe shi da farar ƙasa tare da sauran bangon.

Abin da doka ta tanada

Dokar farko ta kare kayan tarihi a Birtaniya, ta 1882, ta shafi kufai da duwatsun mutanen da ne, ba ta kula da gidajen da ake zaune a ciki ba. Ɓarnar da bama-bamai suka yi a Yaƙin Duniya na Biyu ce ta sa dokokin tsara birane da karkara na 1944 da 1947 suka kawo tsarin rajista, dokar 1968 ta wajabta neman izini na musamman kafin a rushe ko a sauya gini mai rajista, aka kuma tattara dokokin a cikin ta 1990. Hukumar Historic England ce take bincike ta ba da shawara, ministan al'adu ne yake yanke hukuncin sanya gini a rajista, majalisar yanki kuma ita take ba da izinin aiki ko ta hana.

An kiyasta gine-gine masu rajista a Ingila da kusan rabin miliyan, a darajoji uku: daraja ta I tana da kimanin kashi 2.5 cikin 100, daraja ta II mai tauraro kusan kashi 6, sauran fiye da kashi 90 kuma suna daraja ta II. Ƙa'idar ita ce duk ginin da ya girmi 1700, matuƙar wani kaso mai yawa na asalin kayansa yana nan, ya cancanci shiga. Kariyar ta haɗa da ciki da waje a dukkan darajojin, saɓanin zaton da ya yaɗu cewa daraja ta II fuskar gida kawai ta shafa, kuma tana iya kaiwa ga rumbu ko garken da ke cikin harabar gidan idan an gina shi kafin 1 ga Yuli, 1948. Yin aiki ba da izini ba laifi ne da ke iya jawo tara marar iyaka ko ɗaurin da ya kai shekara biyu.

Gida yana nan a hannun mai shi, yana iya sayarwa ko ya bar wa magada, ba a kuma tilasta masa buɗe ƙofa ga masu yawon buɗe ido, kuma galibin buƙatun izini ana amincewa da su, ko da da sharuɗɗa. Raunin dokar yana wani wuri dabam. Ba ta ɗora wa mai gida wajibcin gyara kai tsaye ba. Abin da majalisa ke iya yi shi ne ta gudanar da aikin gaggawa a ɓangaren da ba kowa a ciki ta nemi a biya ta, ko ta aika da takardar umarnin gyara wadda idan aka yi biris da ita wata biyu za ta iya fara shirin sayen ginin da tilas, matakin da majalisu ba su cika ɗauka ba saboda tsadarsa. Tallafin kuɗi kaɗan ne, kuma ya fi karkata ga darajoji biyu na sama. Sa'annan harajin kayayyaki da ayyuka, wato VAT, yana hawa kan aikin gyara da kashi 20 cikin 100 alhali ginin sabon gida ba ya biya, rangwamen da ake yi wa sauye-sauyen da aka amince da su kuma an soke shi a 2012. Doka tana da ikon hana mai gida ɓata gininsa da hannunsa, amma ikonta kaɗan ne a kan wanda ya zura ido ruwa yana zuba.

Gyaran da ke kashe gini

Katakon ok da ya bushe yana iya ɗaukar ƙarni da yawa ba tare da ya lalace ba, kuma ruɓewa da ƙwaron da ke cin tsohon katako duk suna bin danshi ne. Laka da farar ƙasa suna shan ruwan sama su sake shi idan iska ta kaɗa. Siminti da fentin zamani ba sa yin haka: katako yana motsi da sauyin yanayi, siminti ba ya bin sa, sai siririyar tsaga ta buɗe a tsakaninsu, ruwa ya shiga ya rasa mafita, ya taru a cikin ramukan gaɓoɓi da kan katakon ƙasa. Magina a Kano da Zariya sun san irin wannan a bangon ƙasa da aka yi wa filastar siminti, inda fuska take nan lafiya lau ciki kuwa yana zagwanyewa. Babban kaso na aikin masu gyaran gidajen katako a yau shi ne cire abin da aka liƙa musu a tsakiyar ƙarni na 20 da niyyar ƙarfafa su.

Ko a tsakanin ƙwararru akwai saɓani kan yadda za a gyara katakon da ya ruɓe. Kafintocin gargajiya sun fi son a yanke ruɓaɓɓen wurin a dasa sabon ok da gaɓa irin ta da, domin ginin ya ci gaba da aiki yadda aka tsara shi. Wasu injiniyoyi sun fi son a ɗaure da ƙarfe, saboda hakan yana barin tsohon katako da yawa a wurinsa, kuma ana iya kwancewa daga baya. Cika rami da roba mai daskarewa, wanda aka yi yayinsa a wani lokaci, ya rage karɓuwa saboda ba ya motsi tare da itace kuma cire shi yana da wuya.

A bar shi a wurinsa, ko a ɗauke shi?

A ƙarshen shekarun 1960 aka shirya gina madatsar ruwa ta Bough Beech, kuma Bayleaf yana cikin gine-ginen da aikin ya shafa. A 1968 aka warware shi gaɓa-gaɓa, aka kai shi Singleton kusa da Chichester, inda Roy Armstrong da abokan aikinsa suka kafa gidan tarihi na fili na Weald da Downland, wanda aka buɗe wa jama'a a 1970, aka kuma sake tayar da gidan a 1972. Tunanin tara tsofaffin gine-gine a fili guda ya samo asali ne daga Skansen da Artur Hazelius ya buɗe a Stockholm a 1891. Yadda ake haɗa katako ne ya sa hakan ya yiwu, domin abin da aka ɗaure da ƙusar itace ana iya kwance shi. Shi ya sa gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, wanda ya shafi ginin ƙasa, sai dai ya gina kwatankwacin Masallacin Juma'a na Zariya da ganuwar Kano.

Masu suka suna kafa hujja da Yarjejeniyar Venice ta 1964, wadda ta ɗauki gini a matsayin abin da ba ya rabuwa da wurin da yake, ta kuma yarda da ɗauke shi ne kawai idan babu wata hanyar ceto ko akwai babbar maslaha. Gidan manomi da aka raba da gonarsa, da rijiyarsa, da hanyar da ta kai shi kasuwa, ya rasa wani ɓangare na bayanin da yake bayarwa. A game da Bayleaf wannan suka ba ta da ƙarfi sosai, tun da zaɓin da ke gaba shi ne rushewa. Suka ta biyu ta fi nauyi. Da aka sake tayar da gidan, an mayar da shi fasalinsa na zaure buɗaɗɗe, ba tare da bututun hayaƙi da benen da aka ƙara daga baya ba, an kuma ƙawata shi yadda ake jin yake a wajen 1540. Ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine da William Morris ya kafa a 1877 ta ginu ne a kan adawa da irin wannan, domin a ganinta kowane ƙari shaida ce ta mutanen da suka zauna a gidan, kuma wanda ya kankare ƙarin don ya kai ga asali yakan ƙare da hasashen kansa. Masu kare aikin suna amsa cewa warwarewar ta ba da damar nazarin kowane rami da kowace lambar kafinta, kuma akwai ɗaruruwan gidaje masu bututu a yankin amma da wuya a samu inda mutum zai tsaya a zaure ya ga yadda hayaƙi yake tashi. Hujjojin biyu suna iya zama tare idan aka bambanta wuraren aiki da su: abin da ya halatta ga gida guda da aka ceto don koyarwa ba zai samu izini ba a yau a gidan da ke tsaye a wurinsa, inda bututun ƙarni na 17 yake da kariya daidai da ginshiƙin ƙarni na 15.

Abin da ake hasashe

Matsin da ke tafe ya fi fitowa daga batun makamashi. Bangon gidan katako siriri ne, ɗumama shi a hunturu yana da tsada, kuma Birtaniya ta ɗaure kanta da doka a 2019 cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa nan da 2050. Idan aka cusa wa bangon kayan hana sanyi irin na roba, matsalar siminti ce za ta dawo da wata fuska, shi ya sa masu gyara suke komawa ga kayan da danshi ke ratsawa, kamar allon zaren itace da cakuɗin farar ƙasa da ɓargon wata irin rama. Waɗannan kaya sun fi tsada, masu iya aiki da su kaɗan ne, ma'aikatan majalisu masu duba buƙatun izini su ma sun ragu ƙwarai tun daga ƙarshen shekarun 2000. A ɓangare guda kuma yawancin gidajen sun daina zama na manoma, sun koma hannun masu kuɗin da ke aiki a birni, waɗanda suke da halin gyarawa amma suke son manyan tagogi da ɗakunan wanka masu yawa, rumbunan da ke kewaye kuma ana mayar da su gidajen kwana. Ke nan ƙwarangwal ɗin yana samun kulawar da bai taɓa samu ba, yayin da tsarin harabar gona, wanda doka ba ta kare shi da ƙarfi kamar yadda ta kare gidan, yake saurin sauyawa.